Yadda Ake Ƙetarewa a Jirgin Fito Daga Tsibirin Koufonisi Zuwa Schinoussa a Ƙasar Girka

Wanda ya tsaya a bakin tashar Koufonisi ya dubi yamma zai ga kamar Schinoussa tana nan kusa, har ya ce a ransa ai wannan ko kwalekwale ya isa. Tafiyar kuwa gajeriya ce, minti 30 zuwa 40 a jirgin da ya saba bin hanyar. Amma gajartarta ce ke yaudarar baƙo. Babu jirgin da ke kai-komo tsakanin waɗannan tsibirai biyu kamar motar tasha, ta cika ta tashi wata ta shigo. Jirgin da zai ɗauke ka daga wani wuri ya fito, wani wuri kuma za shi, ratsowa kawai yake yi ya tsaya 'yan mintuna ya wuce. In ka rasa shi, wataƙila sai gobe. In iska ta tashi, wataƙila sai jibi. Don haka abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, jadawalin jirgi ake fara dubawa, sannan a ɗora sauran tafiya a kansa: ɗaki, kwanaki, har tikitin jirgin sama na komawa gida.

Tsibiran biyu suna cikin rukunin da Girkawa ke kira Ƙananan Kiklades, a tekun Ejiyan, kudu maso gabas da babban tsibirin Naxos. Huɗu ne a cikinsu ke da mazauna sosai: Iraklia, Schinoussa, Koufonisi da Donousa. A ƙidayar 2011, Koufonisi na da mutum 399, Schinoussa 227. Wato duka biyun in an haɗa su ba su kai wata ƙaramar unguwa ba. Na bar sunayen yadda ake rubuta su a tikiti da shafukan sayar da shi, domin da su za ka yi bincike. A baki kuwa, Kufonisi ake cewa, ɗayar kuma ta fi kusa da Skinusa.

Mataki na farko: ka tabbata ka iso da takardunka a hannu

Girka tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, saboda haka mai fasfon Nijeriya ko Nijar ko Ghana sai da biza. Bizar gajeren zama tana ba da kwana 90 cikin kowane kwana 180, ana kuma neman inshorar lafiya ta tafiya wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba. Da zarar ka shiga ƙasar, babu shingen shige da fice tsakanin tsibiri da tsibiri. Duk da haka kada ka bar fasfo a masauki ka ce ai nan da can ne. Tikitin jirgin ruwa a Girka da sunanka ake yankarsa, kuma ma'aikacin jirgi ko jami'in tasha na da ikon ya ce ka nuna shaidar cewa kai ne. Ka sa fasfon a ƙaramar jaka da ba ta rabuwa da jikinka, cikin leda, saboda feshin ruwan gishiri.

Mataki na biyu: ka san jiragen da ke bin hanyar, ka kuma san inda suka dosa

A nan ne duk dabarar take, don haka zan ɗan daɗe.

Jirgin da ya zama jijiyar waɗannan tsibirai shi ne Express Skopelitis. Ƙaramin jirgi ne na wani gida daga tsibirin Amorgos, waɗanda ke wannan aiki tun shekarun 1950, uba ya miƙa wa ɗa. Yana ɗaukar fasinjoji, 'yan motoci kaɗan, da kayan masarufi: buhunan gari, akwatunan ruwan sha, wasiƙu, magani, siminti. Irin waɗannan hanyoyi da ba su da ribar kirki Girkawa na kiran su agoni grammi, wato bakararriyar hanya, kuma gwamnati ce ke tallafa musu don kada mutanen tsibiri su yanke da sauran ƙasa. Shi ya sa kuɗin tikitin 'yan Yuro ne kaɗan.

Tsarin da jirgin ya daɗe a kai shi ne: yana kwana a Katapola, babbar tashar Amorgos, ya tashi da ƙarfe 7 na safe ya nufi Naxos, yana tsayawa a Koufonisi, sannan Schinoussa, sannan Iraklia. Da ƙarfe 2 na rana ya bar Naxos ya juyo, wannan karon Iraklia ce farko, sai Schinoussa, sai Koufonisi, ya ƙarasa Amorgos da dare. Ranar Lahadi yakan huta.

Ka lura da abin da wannan ke nufi. Daga Koufonisi zuwa Schinoussa tafiyar safe ce. Daga Schinoussa zuwa Koufonisi tafiyar yamma ce, wajen ƙarfe 4. Saboda haka wanda ke kwana a Koufonisi zai iya zuwa Schinoussa da safe ya wuni ya dawo da la'asar a jirgi ɗaya. Wanda ke kwana a Schinoussa kuwa ba zai iya yin irin wannan da Koufonisi ba, in dai wannan jirgin kaɗai ya dogara da shi: zai isa da yamma, kuma babu komowa sai safiyar gobe. Mutane da yawa ba sa gane wannan sai bayan sun biya kuɗin ɗaki.

Akwai kuma wani abu. A wasu ranakun mako jirgin yakan biya ta Aegiali, tasha ta biyu ta Amorgos, da tsibirin Donousa kafin ya iso Koufonisi. A waɗannan ranaku yana isowa a makare sosai fiye da ranakun da ya miƙe kai tsaye. Kada ka ce jiya ka gan shi ya iso da sassafe, yau ma haka ne. Kowace rana da lokacinta, kuma da bazarar Turai akan sauya wasu ranakun. Da sanyi kuma akwai makonnin da ake janye shi don gyaran shekara.

Ban da shi, manyan jiragen kamfanin Blue Star Ferries da ke tasowa daga Piraeus, babbar tashar birnin Atina, suna ratsa Ƙananan Kiklades 'yan lokuta a mako. Su ne suka fi jure iska, ba sa girgiza kamar ƙaramin, amma lokacinsu kan faɗo a sa'o'i marasa daɗi, wani lokaci tsakar dare ko gab da asuba. Da zafi kuma jiragen gudu irin na Seajets suna zuwa Koufonisi, sai dai sun fi tsada nesa ba kusa ba, ba kullum suke tsayawa Schinoussa ba, kuma su ne ake fara sokewa in teku ta harzuƙa. A ganina, ga gajeriyar tafiya irin wannan, ƙaramin jirgin ya fi, babban kuma shi ne madogara in aka samu matsala.

Mataki na uku: duba jadawali da kanka, a wuri fiye da ɗaya

Shafukan intanet irin su Ferryhopper da Openseas suna nuna jiragen da ke tsakanin kowace tasha biyu a ranar da ka zaɓa. Ka sa sunan tashar tashi da ta sauka, ka duba ranar da kake so, sannan ka duba ranar da ke gabanta da wadda ke bayanta, don ka san mafitarka in an soke. Daga nan ka leƙa shafin kamfanin jirgin ka gwada da abin da ka gani.

In ka duba tun watanni da yawa kafin tafiya ka ga babu komai, kada ka ɗauka babu jirgi. Kamfanonin Girka sukan makara wajen fitar da jadawalin lokacin zafi, musamman na hanyoyin da gwamnati ke tallafawa. Ka sake dubawa bayan 'yan makonni.

Abubuwa uku ne ke jefa baƙo cikin kuskure a wannan mataki. Na farko sunaye masu kama da juna. Iraklia ƙaramin tsibiri ne maƙwabcin Schinoussa, Iraklio kuwa babban birni ne a tsibirin Kirit, can kudu da nisa. Harafi ɗaya ne tsakaninsu. Schinoussa ma za ka gan ta a rubuce Schinousa ko Shinoussa, duk wuri ɗaya ne. Koufonisi kuma sau da yawa ana rubuta shi Koufonisia, domin biyu ne, na sama mai gari da tasha, da na ƙasa wanda kusan babu mazauna. Na saman ne jirgin fito yake zuwa.

Na biyu shi ne agogo. Ana rubuta lokaci da tsarin awa 24, wato 16:00 ƙarfe 4 na yamma ne. In tikiti ya ce Talata 00:40, to daren Litinin ne za ka fita tasha, ba daren Talata ba. Wannan kuskure ya sa mutane da yawa sun je tasha bayan jirginsu ya wuce da kwana guda cur. Na uku, ka tabbata wayarka ta koma lokacin Girka. Da zafi suna gaban Nijeriya da Nijar da awa 2, da sanyi awa 1.

Mataki na huɗu: yanki tikiti

Hanya biyu ce. Ko ka saya ta intanet, ko ka je ofishin wakilin jiragen ruwa da ke garin, wanda suke kira praktorio. A Koufonisi garin ƙarami ne, duk wanda ka tambaya zai nuna maka. Za a nemi cikakken sunanka kamar yadda yake a fasfo, jinsi, ranar haihuwa da ƙasarka. Ka duba rubutun sunan kafin ka bar wurin. Yara ƙanana yawanci ba sa biya, waɗanda suka ɗan tasa kuma rabin kuɗi, amma ko jariri sai an yi masa tikitinsa, domin doka ta ce a san adadin kowane rai da ke cikin jirgi.

In ta intanet ka saya, ka karanta saƙon da aka aiko maka da kyau. Wani kamfani zai ba ka tikitin waya mai lambar da ake haskawa a ƙofar jirgi. Wani kuma abin da ya aiko shaidar biya ce kawai, sai ka kai ta ofishin wakili an buga maka tikitin takarda. Kada ka bar wannan sai safiyar tafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗannan ofisoshi ba wuni suke a buɗe ba, sukan rufe da rana su sake buɗewa da yamma. In tikitin waya ne, ka ɗauki hotonsa ka ajiye, don kada intanet ta yanke maka a bakin jirgi.

Yaushe ya kamata a saya? A watannin Mayu, Yuni, Satumba da Oktoba, kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya ya isa. Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta kuwa ka saya da wuri, musamman kwanakin da ke kewaye da 15 ga Agusta, babban bikin Cocin Otodoks na tunawa da rasuwar Nana Maryamu, lokacin da kusan duk Girka ke hutu, 'yan tsibiri mazauna Atina kuma ke komawa gida. Jirgi yana cika, ɗakuna ma haka. Ranar 1 ga Mayu kuma ma'aikatan jiragen ruwa sukan shiga yajin aiki, don haka kada ka ɗora tafiya a kanta.

Mota ba ta da amfani a wannan tafiya. Koufonisi bai kai murabba'in kilomita 6 ba, da ƙafa ake zaga shi, kuma gurbin mota a ƙaramin jirgin kaɗan ne ƙwarai.

Mataki na biyar: ka sa ido a kan iska

Akwai wata iskar arewa da ake kira meltemi, mai kaɗawa a tekun Ejiyan da zafi, ta fi tsanani a Yuli da Agusta. Busasshiya ce, sama tas babu gajimare, rana na haskawa, amma teku ta yi fari fat da kumfa. Takan yi kwana biyu, uku, wani lokaci fiye, tana ƙaruwa da rana tana lafawa da dare. Baƙo yakan ga sararin sama garau ya ɗauka lafiya lau, alhali matuƙa ba sama suke dubawa ba, ruwa suke dubawa.

Girkawa suna auna ƙarfin iska da ma'aunin da suke kira bofor, daga 0 zuwa 12, kuma kowa a tsibiri da shi yake magana, har tsofaffin mata. Daga 3 zuwa 4 tafiya ce mai daɗi. A 5 zuwa 6 jirgi zai yi rawa, mai raunin ciki zai ji a jikinsa. Daga 7 abin ya fara tsanani, jiragen gudu da ƙananan jirage na iya makara ko a soke su. In ta kai 9, hukumar tasha takan hana har manyan jirage tashi. Wannan hani sunansa apagoreftiko, kalma ce da ya kamata ka haddace, domin in ka ji ta a bakin mutane to ka koma ka nemi ƙarin kwana a masauki.

Ka riƙa duba hasashen iska a shafin meteo.gr ko manhajar Windy tun kwana uku kafin ranar. Daren da za ka kwana ka tashi, ka tambayi mai masaukinka ko ofishin wakili ko jirgin gobe na nan. Hukumar tasha, wadda suke kira limenarhio, ita ce mai magana ta ƙarshe. Manhajar MarineTraffic kuma tana nuna inda jirgi yake a kan taswira a daidai lokacin, sai ka rubuta sunansa ka ga ko ya baro Amorgos ko bai baro ba. Wannan ya fi zaman jiran tsammani a rana.

Shawarar da na fi nanatawa ita ce: kada ka shirya barin ƙaramin tsibiri a ranar da jirginka na sama zai tashi daga Atina, ko ma ana gobe. Ka bar aƙalla kwana ɗaya cikakke a tsakani, ka kwana a Naxos ko a Atina. Ga mai bizar da aka ƙayyade wa kwanaki, wannan ba maganar asarar kuɗin tikiti ba ce kawai. Wuce wa'adin biza ko da kwana ɗaya ne na iya ɓata maka neman ta gaba.

In aka soke tafiya ko jirgi ya makara tashi fiye da minti 90, dokar Tarayyar Turai mai lamba 1177 ta 2010 ta ba fasinja zaɓi: ko a mayar masa da kuɗinsa, ko a sa shi a wani jirgin ba tare da ƙarin kuɗi ba. Amma in iska ce sanadi, babu diyya a kan haka, kuɗin ƙarin kwana a masauki daga aljihunka zai fito. Ka ware wani abu domin wannan.

Mataki na shida: shirin daren tafiya

Ka kira ko ka aika saƙo ga masaukin da ka kama a Schinoussa, ka gaya musu sunan jirgi da lokacin isowarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tashar Schinoussa, mai suna Mersini, tana ƙasa a bakin ruwa, garin kuwa, wanda ake kira Hora, yana kan tudu, fiye da kilomita ɗaya, hawa ne tun daga ƙasa. Da akwati a hannu da tsakar rana ba tafiya ce mai sauƙi ba. Al'adar wurin ita ce mai masauki ya sauko da ƙaramar motarsa ya tarbi baƙinsa, in dai ya san suna zuwa.

Ka riƙe tsabar kuɗi, Yuro, ƙananan takardu. Ana karɓar kati a wurare da yawa, amma a tsibiri mai mutum ɗari biyu ba a dogara da na'urar cire kuɗi. In kana shan wani magani kullum, ka zo da isasshe tun daga Naxos ko Atina. In ka san kana jiri a mota, ka sayi maganin tashin zuciya a kantin magani tun can, ka sha minti 30 zuwa awa ɗaya kafin shiga jirgi, domin bayan zuciya ta fara tashi ba ya yin aiki sosai. Yana sa barci, ka sani. Citta ma tana taimaka wa wasu. Da safe ka ci abu mara maiƙo, kaɗan, kada ka shiga da yunwa kuma kada ka cika ciki.

Kaya kuwa, iya abin da za ka ɗauka da kanka a tafiya ɗaya. Babu ɗan dako a tasha. Ka rataya wa akwatinka wani ƙyalle mai launi don ka gane shi da sauri, ka fitar da riga mai kauri ko da zafi ake, domin iskar saman jirgi tana da sanyi. Mai hula ya riƙe ta da kyau, mai mayafi ta ɗaure shi da fil.

Mataki na bakwai: a bakin tasha

Ka isa minti 30 kafin lokaci. Jirgin na iya makara, amma ba zai jira ka ba in kai ka makara. Tashar dakali ne kawai na siminti da 'yar rumfa, babu allon sanarwa mai yawa, babu lasifika. Ka tsaya inda jami'an tasha masu kakin ruwa suka ce a tsaya, nesa da gefen ruwa, ka riƙe hannun yara.

Da zafi jirage biyu na iya isowa kusan lokaci ɗaya. Sunan jirgi yana rubuce ɓaro-ɓaro a jikinsa, ka gwada shi da wanda ke tikitinka. Ko sunan ya yi daidai, ka tambayi ma'aikacin da ke ƙofa da kalma ɗaya, "Schinoussa?", matambayi ba ya ɓata. A nan ka kiyaye: in Bagirke ya ce "ne", yana nufin i. In ya ce "ohi", ko ya ɗaga haɓa sama yana ɗage gira, yana nufin a'a. Baƙi da yawa suna fahimtar waɗannan a juye.

Yadda jirgin ke tsayawa abin kallo ne. Yakan juyo da baya, ya saki anka, a jefo igiyoyi ga mutanen tasha su ɗaure, ƙofar baya ta sauko ta zama gada. Kada ka matsa kusa da igiyoyin nan, in suka ɗaure suna da ƙarfin karya ƙafa. Masu sauka ne ke fara fitowa, da motoci da kaya, sannan a yi muku alama. Daga nan komai da sauri ake yi, ma'aikata na ɗaga murya suna cewa a yi maza. Ba faɗa suke yi ba, aikin ne haka, ga iska na tura jirgi, ga tsibirai na jira a gaba. Tikiti ya kasance a hannunka tun kafin ka taka gadar. Gadar tana motsi da ruwa kuma takan jiƙe, ka taka da natsuwa, takalmi mai santsi bai dace ba.

Da shigarka za a nuna maka inda ake ajiye akwatuna a ƙasa, kusa da motoci, galibi an ware su bisa tsibirin da za a sauka. Ka faɗi inda za ka, ka ajiye inda aka nuna. Fasfo, kuɗi, waya da magani su hau sama tare da kai.

Mataki na takwas: cikin jirgi

Babu lambar kujera, inda ka samu nan ne naka. Akwai zaure a ciki, akwai kujeru a sarari a sama. In teku a kwance take, ka hau sama. Za ka ga Koufonisi na ƙasa yana wucewa, ga kuma tsibirin Keros da duwatsunsa, wanda babu mai zama a kai yanzu, amma a nan masu haƙar tarihi suka tono gumakan farin dutse na mutanen da suka rayu a wurin fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Ta arewa kuma manyan tsaunukan Naxos ne.

In ana iska, ka nemi tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa, inda girgiza ta fi sauƙi, ko ka zauna a sarari ta baya inda iska ke bugun fuska, ka kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa. Kada ka duba waya, kada ka yi karatu. In za ka tashi, hannu ɗaya a kan ƙarfe koyaushe. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne, wannan yanki na hanyar ya fi sauƙi a kan mashigar da ke tsakanin Amorgos da Donousa, domin Naxos na ɗan tare iskar arewa, kuma kafin ka gaji an iso. Ka duba inda aka ajiye rigunan ceto tun da ka zauna. Lambar gaggawa a duk Turai 112 ce, ta masu gadin teku na Girka kuma 108.

Ga Musulmi, tafiyar ba ta kai ta ci lokacin salla ba, don haka ya fi sauƙi ka yi kafin shiga ko bayan sauka. Babu masallaci a waɗannan tsibirai, a ɗakinka za ka yi. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take.

Mataki na tara: sauka

Kada ka jira sai jirgi ya tsaya. Da ka ga ya shiga wani ɗan lungun ruwa mai kewaye da tudu, ko ka ji an kira sunan tsibirin, ka sauko ka ɗauki akwatinka ka tsaya tare da masu sauka. A Mersini tsayuwar ba ta wuce 'yan mintuna, wanda ya tsaya ɗaukar hoto sai ya tsinci kansa a hanyar Iraklia. In kuwa hakan ta faru, ka gaya wa ma'aikata nan take, ka sauka a Iraklia, ka jira jirgin ya juyo daga Naxos da yamma ya mayar da kai.

A kan dakali za ka ga masu masauki tsaye, wasu riƙe da allo mai sunan gidansu. Ka gaishe su da "kalimera" in safiya ce, in an taimake ka ka ce "efharisto", wato na gode. Mutanen nan suna jin daɗin baƙon da ya gwada harshensu ko da kalma biyu ce.

Schinoussa ta yi suna da fava, wani ɗan wake rawaya da ake nomawa a tsibirin, a dafa shi ya narke, a zuba man zaitun da albasa. Mai kiyaye abin da yake ci zai same shi da kifi da wadatar kayan lambu. Gasasshen naman tsinke da suke kira suvlaki galibi na alade ne, kalmar alade kuwa "hirino", kaza "kotopulo", kifi "psari". Ka tambaya kafin a zuba. Ruwan sha kuma na kwalba ake saye, domin ruwa yana ƙaranci a tsibiran nan, ka kuma yi tattalin na wanka.

In za ka dawo a ranar

Tun da safe ka yanki tikitin dawowa tare da na zuwa, don kada ka dogara da samun ofishin Schinoussa a buɗe da tsakar rana. Ka bar Hora ka gangaro Mersini tun ƙarfe 3, gangara ce, minti 20 ta isa da ƙafa. Ka duba MarineTraffic ka ga ko jirgin ya baro Naxos a kan lokaci. Iska ta fi ƙarfi da yamma, don haka komawar na iya fin zuwan girgiza, ka sha maganinka kafin ka baro gari. Ka kuma sa abin kwana ɗaya a jakarka, da cajar waya da lambar wani masauki a Schinoussa, saboda ranar da za a ce jirgin yamma ba zai taso ba.